Dodon koɗin da ya koma ganye: da gaske rana ce ke ciyar da shi?

Malam: Jama'a, ga batun yau. Akwai wani dodon koɗin teku marar katantanwa, Elysia chlorotica, a fadamun ruwan gishiri na gabar gabashin Amurka har zuwa Kanada. Bai cika wuce santimita 3 ba. In ya baje jikinsa sai ka rantse ganye ne ya faɗa ruwa, har da jijiyoyinsa. Ni dai na tsaya a kan cewa hasken rana ne ke ciyar da shi, kamar tsiro.

Auta: Malam, dabba fa? Ta yaya?

Malam: Yana ƙarami ba kore ba ne, ruwan ƙasa ne da ɗigo-ɗigon ja. Sai ya sami gansakukar da ake kira Vaucheria litorea, ya huda zarenta da ɗan haƙorinsa, ya tsotse abin ciki. Komai ya narke ban da kuloroplas, wato 'yan korayen ƙwayoyin da tsiro ke haɗa abinci da su in rana ta haska. Su yakan adana a bangon hanjinsa, hanjin kuma ya yi rassa ko'ina a jiki, shi ya sa yake rinewa kore shar. An tsare shi wata 9 ba abinci, sai haske, bai mutu ba.

Malama: Duk na yarda, Malam, amma rashin mutuwa daban, ƙoshi daban. Gregor Christa da abokan aikinsa a Jamus sun kulle 'yan uwansa biyu, Elysia timida da Plakobranchus ocellatus, cikin duhu tsawon watanni, kuma suka rayu. An wallafa aikin a 2014. In rana ce ke riƙe da su, me ya riƙe su a duhu? Abin da nake gani, rumbu ne suke cikawa, yunwa ta matsa su riƙa cinye ƙwayoyin sannu a hankali.

Malam: Ai ba chlorotica aka gwada ba, Malama. Ba a yanke wa ɗaya hukunci da shaidar ɗan uwansa.

Yaya Babba: In ƙara wa Malam ƙarfi: a 2017 masu bincike a Fotugal sun nuna cewa Elysia viridis ta fi saurin ramewa a duhu fiye da cikin haske. Ashe hasken na ƙara wani abu.

Malama: Yana ƙarawa, Yaya, ban musa ba. Nawa yake ƙarawa, nan muka rabu. Wanda ke cikin hasken ma ramewa yake yi, tsiro kuwa girma yake yi.

Auta: Ni abin da ya ɗaure min kai, ƙwayar da aka raba da uwarta, wa ke gyara ta in ta lalace? Na karanta cewa har ƙwayoyin gadon gansakukar, wato masu ɗauke da umarnin gina halitta da gyara ta, chlorotica ya sace.

Malama: A 2008 Mary Rumpho da tawagarta sun ce sun gano ƙwayar gadon gansakuka mai suna psbO a jikinsa, duniya ta ɗauka. Amma a 2013 aka bincika ƙwansa, wanda bai taɓa ɗanɗana gansakuka ba, ba a ga alamar hakan ba. Ka kuma lura, ƙanina, ba ya gadar wa 'ya'yansa koren. Kowane ɗa sai ya nemi gansakukarsa ya tsotsa da bakinsa.

Malam: Wannan kam na sallama, maganar gado ba ta tsaya da ƙafarta ba. To amma sai abin ya ƙara girma a idona. Ba shi da kayan gyara, ga ƙwayar tana aiki wata da watanni a cikin hanjin dabba, inda ya kamata a ce ta narke tun ranar farko.

Yaya Babba: Ƙila ƙarkon daga ƙwayar yake. Kuloroplas ɗin Vaucheria na ɗauke da wasu ƙwayoyin gadon gyaran kansa, irin su ftsH, waɗanda na tsiron tudu ba su riƙe ba.

Malam: To Malama, na janye “kamar tsiro”. Amma “rana na ciyar da shi” ina nan a kai, har sai an kulle chlorotica kansa a duhu an auna shi.

Malama: A auna har da nauyinsa kowane mako, Malam, ba kwanakin da ya yi a raye kaɗai ba.