Ta yaya zan taimaki ɗiyata mai hazaƙa?

Maman Hafsa: Assalamu alaikum. A Bauchi muke zaune. Ɗiyata shekarunta 13, takan warware lissafin ajin yayanta da gawayi a bangon tsakar gida, amma yanzu ta fara ƙosawa da makaranta. Wa zai ja mata gora?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam, Hajiya. Na daɗe ina koyarwa a Gombe, kuma na ga yadda irin waɗannan yara suke dusashewa idan aikin aji bai kai ƙarfinsu ba. Ki samo mata ɗalibar lissafi daga Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, wadda za ta riƙa zama da ita a gidanku duk Asabar, tana ba ta tambayoyi masu wuya tana barinta ta yi ta fama da su, domin a wannan faman ne ƙwaƙwalwa take buɗewa.

Inna Laraba: 'Yar'uwa, ki bincika makarantar gwamnatin tarayya ta masu hazaƙa da ke Suleja. Sai dai kada a raba ta da ƙawayenta, har yanzu yarinya ce.

Maman Hafsa: Na gode, Malam. Gobe zan tuntuɓi malamar ajinta ko ta san wata ɗaliba.