Wa ya taɓa sauraron The Dark Side of the Moon daga farko har ƙarshe?

Abban Sadiq: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattara labarin yadda kowa ya ji wannan faifai na Pink Floyd, ƙungiyar mawaƙan Ingila, wanda ya fito a watan Maris na 1973. Sharaɗi ɗaya ne: mai magana ya kasance ya zauna ya saurare shi gaba ɗaya, kusan minti 43 ɗin nan, ba tsintar waƙa ɗaya a YouTube ba. A ina ka ji shi, da wace na'ura, kuma me ya bar maka a rai? Wanda bai ji daɗinsa ba ma ya faɗa, ba dole. Ni dai a kaset na same shi a ɗakin yayana a Kaduna, irin kaset mai minti 90 ɗin nan. An kwafe shi duka a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuwa waƙoƙin Indiya ne. Da na danna, shiru ya yi yawa har na ɗauka rikodar ta cinye zaren, ashe bugun zuciya ne ke tasowa a hankali.

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam Abban Sadiq, ka taɓo mana inda yake ƙaiƙayi. Ni a Ingila na haɗu da shi, a 1975, ina karatu. Yaron da muke haya gida ɗaya, Bature, yana da faifan da garmaho mai lasifika biyu. Bangon baƙi ne ƙirin, ba sunan mawaƙa, ba hotonsu, sai gilashi mai kusurwa uku, farin haske na shiga ta gefe ɗaya yana fita da launuka ta ɗayan. Ku ƙirga launukan, shida ne, ba bakwai na bakan gizo ba. A ciki akwai manyan hotunan mannawa a bango guda biyu, ɗaya na dalar Masar.

Abin da ku masu waya kuka rasa shi ne juya faifai. Gefen farko yana ƙarewa da "The Great Gig in the Sky", muryar matar nan ta yi sama ta yi ƙasa ta lafa, sai allura ta kai ƙarshe. Dole ka tashi, ka taka zuwa wurin garmaho, ka ɗaga faifan da hannu biyu, ka juya, ka hure ƙura. A wannan 'yar tazarar ce jikinka ke dawowa. Sannan ka ɗora allura, sai ƙarar tsabar kuɗi da akwatin kuɗin kanti ta tarbe ka, "Money" ta fara. Daga maganar mutuwa zuwa maganar kuɗi, kuma kai da hannunka ka juya. A waya duk sun manne da juna, ba a ba ka damar numfasawa.

Sai kuma "Time". Lokacin ina saurayi jitar David Gilmour kawai nake jira, baitocin ban damu da su ba. Yanzu da na haura saba'in, baitin da ke cewa wata rana za ka farga shekara goma sun wuce ka kana zaune, shi ke hana ni sakewa. Roger Waters, mai rubuta baitocin ƙungiyar, bai cika talatin ba lokacin da ya rubuta wannan, a 1943 aka haife shi. Har yau ina mamakin inda yaro ya samo wannan tsoro.

Direban Tirela: Baba Allah ya ƙara lafiya, amma ni fa zan ɓata muku taro. Yaron motata ne ya sa mini shi da daddare a hanyar Kano zuwa Legas, wai zai hana ni barci. To ya hana ni kam. Ina cikin jin wani surutun inji da takun mutum yana gudu yana haki, sai wani abu ya fashe, aka yi ɗan shiru, kwatsam agogo suka ɓarke da ƙararrawa gaba ɗaya. Wallahi saura kaɗan in taka birki a tsakiyar titi. Wannan "On the Run" ɗin, minti uku da wani abu ba waƙa ba kiɗa, me ake so in yi da ita? Mu mun saba mawaƙi ya buɗe baki ya faɗi magana, 'yan amshi su karɓa. Nan kuwa a "Time" sai ka yi minti biyu kana jiran mutum ya yi magana. Kuma abin da ya fi ba ni dariya, mutane sun yi waƙar zagin kuɗi, waƙar ta mai da su attajirai. An ce faifan ya sayar da kwafi sama da miliyan 45. Kowa ya zagi kuɗi haka mana.

Injiniya Mai Situdiyo: Haba Oga Direba, ai agogon nan su ne daɗin abin. Alan Parsons, injiniyan da ya ɗauki faifan a situdiyon Abbey Road na Landan, shi ya je kantin tsofaffin kaya ya ɗauki sautin kowane agogo daban, daga baya aka jera su suka buga tare.

Ni sana'ata haɗa sauti ce a nan Kano, don haka da kunnen aiki na fara jinsa, da hedifon, bayan kowa ya tafi gida. Abin da ya tsayar da ni "Money" ce. Ina kaɗa ƙafa ina ƙirga huɗu-huɗu yadda muka saba, ƙafar tana ta ɓacewa. Sai na tsaya na ƙirga da yatsu: bakwai ne. Jitar bes ɗin Waters tana zagaye bakwai-bakwai, mai busa saksofon, Dick Parry, shi ma a kan bakwai yake tafiya. Da jitar Gilmour za ta shigo sai su koma huɗu, shi ya sa wurin kake jin an sake ka, gangar Nick Mason ta miƙe. Ku gwada ƙirgawa, za ku ji daidai inda aka sauya.

Ƙarar kuɗin da Baba ya ambata kuwa, ba kwamfuta, ba maɓallin kwafa da liƙawa. Tef aka yayyanka da hannu, gida bakwai masu tsawo ɗaya, aka haɗa bakinsa ya zama zobe yana ta zagayawa. Layi 16 kawai na'urarsu ke ɗauka. Ni yau ina da layi fiye da ɗari a kwamfuta, yaran da ke zuwa wurina kuma ko minti biyar ba sa iya haƙurin gyaran murya, sai dai a sa musu abin daidaita murya a wuce wurin.

Inda zan yarda da kai shi ne "Any Colour You Like". Ita kam gada ce kawai tsakanin waƙoƙi biyu, ko an cire ta ba zan yi kuka ba.

Maman Ilham: Sannunku. Ni ungozoma ce, kuma maigidana ne mai son irin waɗannan kaɗe-kaɗe, ni ba ruwana. Ranar da na ji shi duka na dawo daga aikin dare ne, na kwanta a falo ban da ƙarfin cewa ya rage sauti. Yawancinsa ya wuce ni. Amma da matar nan ta fara, Clare Torry, sai na tashi zaune. Ba kalma ko ɗaya a bakinta, kuma na san wannan sautin sarai. Haka mace ke yi a ɗakin haihuwa: ta fara da ƙarfi tana faɗa da ciwon, ta kai inda muryar ke tsagewa, sannan ta gaji, ta koma nishi ƙasa-ƙasa tana jan numfashi. Maigidan ya ce ai waƙar mutuwa ce, Richard Wright ne ya tsara ta a fiyano. Na ce masa to, wanda ya tsaya a kan mai naƙuda ya san abin ba nisa.

Abin da ya ɓata mini rai da ya ba ni labari, fam 30 aka biya ta, aka sallame ta, aka rubuta sunan Wright shi kaɗai a matsayin mai waƙar, alhali ita ta ƙirƙiri duk abin da ta rera a tsaye a wurin. Sai a 2004 ta kai ƙara, aka sasanta a 2005, yanzu sunanta na nan tare da nasa. Shekara talatin da 'yan kai fa.

Ɗan Damagaram: Gaskiya ne Anti. Mu nan Nijar kunnenmu ya saba da jitar mutanen Agadas, mai gudu, yatsu ba sa hutawa, ana tafi ana rawa. Da na fara jin Gilmour sai na ga mutumin rowa yake yi, ya ja sauti ɗaya ya riƙe shi yana lanƙwasawa. Sai da na ɗauki tawa jitar na gwada bin sa a "Time" na gane riƙe sautin nan ba tare da ya karkace ba ya fi gudun wuya. Amma a biki dai ba zan sa shi ba, za a kore ni.

Tsohon Soja: Ba wanda ya ambaci "Us and Them", to ni ita ce tawa. Na yi aikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a Laberiya, kuma a can wani hafsanmu yake sa kaset ɗin da yamma. Akwai inda ake cewa janar yana zaune, layukan taswira na matsawa gefe zuwa gefe, na gaba kuma suna mutuwa. Ba sai an fassara wa soja wannan ba. Daga baya na ji mahaifin Waters a yaƙi ya rasu, a Italiya a 1944, shi yana jariri. Kiɗan a hankali yake, muryar na maimaita kanta tana nisa, sai amshi ya taso da ƙarfi ya sake lafawa. Ban cika sa ta ba yanzu. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Abban Sadiq: Allah ya saka da alheri Yallaɓai, Allah ya jiƙan waɗanda ba su dawo ba.

Ummi 'Yar Jami'a: Ni ce ƙaramarku a nan ina ga. A waya na ji, kuma manhajar kyauta ce, ta rikita jerin waƙoƙin, ta fara mini da "Eclipse", ga talla a tsakani. Na ce wannan shi ne abin da ake ta zuzutawa? Sai da na same shi a jere na gane kowace waƙa a cikin 'yar uwarta take shiga. "Brain Damage" ce ta kama ni. Muna da ɗan uwa mai fama da taɓin hankali, kuma yadda ake dariyar nan a bayan waƙar bai yi mini kama da wasa ba. Na karanta cewa Syd Barrett, wanda ya fara jagorantar ƙungiyar, lalurar ƙwaƙwalwa ce ta raba shi da su a 1968. Tambayata, su waye masu maganganun nan da ake ji ƙasa-ƙasa?

Injiniya Mai Situdiyo: Ƙanwata, mutanen da ke cikin situdiyon ne, ma'aikatan ƙungiyar da sauransu. An rubuta tambayoyi a kati ana ba su suna amsawa: kana tsoron mutuwa, yaushe rabonka da dukan wani, kai ke da gaskiya? Har Paul McCartney an ɗauka, amma ba a sa nasa ba. Muryar ƙarshe, mai cewa watan da ke sama duk duhu ne, ta mai gadin ƙofar Abbey Road ce, Gerry O'Driscoll. Sai kin ƙure sauti za ki ji shi.

Tsohon Malami: Direba, ka sake gwadawa, amma ba a kan sitiyari ba. Faifan nan ya yi mako 741 a jadawalin Billboard na faifan da aka fi saye a Amurka tsakanin 1973 da 1988, ba duka masu sayen ne mahaukata ba.

Direban Tirela: To Baba, na ji. Idan na sauke lodi zan kwanta a ƙarƙashin mota in sa shi daga farko. Amma "On the Run" dai tsallake ta zan yi, Injiniya ya yi haƙuri, kuma yaron nan ba zai sake taɓa mini rediyo da daddare ba.