Neman wurin sitaj a gidan namun daji: daga ina ɗalibar Damagaram za ta fara?

Ɗaliba_Birni ta rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ni ɗaliba ce a nan Damagaram, ina shekara ta uku a fannin ilimin halittu, kuma kafin a ba mu takardar lisans, wato digirin farko, wajibi ne kowa ya yi sitaj na wata biyu, wato koyon aiki a wata ma'aikata, ya rubuta rapor, wato rahoto, a kan abin da ya gani. Abokan karatuna kusan duka sun nufi asibiti ko ofishin aikin gona, amma ni tun ina ƙarama, da aka kai mu ziyara Gidan Tarihi na Bubu Hama a Yamai, wanda yake da gidan zoo a cikinsa, na ga dorina da idona, zuciyata take wajen namun daji. Shin ɗalibi yana iya samun sitaj a gidan zoo, kuma ta wace ƙofa ake shiga? Wane aiki ake sa mutum? Mahaifina bai hana ni ba, sai dai ya ce ba zai bar ni in yi tafiyar kusan kilomita 900 ba sai na kawo masa bayanin inda zan sauka da abin da zan koyo.

Tsohon_Gandun_Daji ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika zaɓi wannan fanni, domin na yi shekaru ina aikin gandun daji kafin in huta, kuma matan da na gani a cikinsa ba su da yawa.

Maganar takardu ba ta da wuya. Ki je wurin shugaban sashenku ya ba ki takardar neman sitaj mai hatimin jami'a, ki haɗa da wasiƙarki zuwa ga daraktan wurin, ki faɗi watannin da kike so da abin da kike son nazari a kai. Kada ki rubuta cewa kina son dabbobi kawai, gama kowa yana iya faɗin haka. Ki ce, misali, kina son bin abincin da ake ba masu cin nama, ko yadda zafin Afrilu da Mayu yake sauya halin dabbar da ke cikin keji. Takarda kuma ba ta tafiya da ƙafarta, sai ki sami wani ɗan uwa a Yamai ya miƙa ta hannu da hannu, ya koma ya tambayi labarinta.

Amma abin da ya sa na ɗauki waya na rubuta shi ne in ce miki kada ki tsallake abin da ke bayan gidanku. Gidan tarihin Yamai, wanda aka kafa a 1959, wuri ne mai daraja, kuma a can ne za ki ga zaki da kura da kada wuri guda. Sai dai a cikin jiharmu ta Damagaram, a Kelle, can arewacin Gure wajen duwatsun Kutus, akwai wurin da ake kiwon jimina mai jan wuya domin a ceto irinta. Wannan jimina ce kakanninmu suka sani a dajin nan, farauta da kwasar ƙwai da fari suka ƙarar da ita. Ɗalibin da ya zauna a irin wannan wuri zai ga abin da littafi ba ya nunawa: ƙwai ɗaya yana kai kilo ɗaya da rabi, ana kwanci a kansa kwana 42 ko kusa da haka, mace da rana, namiji da dare, kuma mafi wuyar aikin ba ƙyanƙyasa ba ce, raya 'yan tsakin ne a watanninsu na farko. Gure kuwa kimanin kilomita 160 ne daga nan, abin da zai fi kwantar wa mahaifinki da hankali.

Akwai kuma gandun Termit da Tin Tumma, wanda aka kafa a 2012 saboda addaks, dabbar nan ta Sahara mai murɗaɗɗun ƙahoni, da gandun Gadabeji a jihar Maradi, inda aka kai raƙuman dawa daga Kure, kusa da Yamai, a 2018. Waɗannan ba keji ba ne, daji ne, kuma ba a shigarsu sai da izinin hukuma da rakiyar ma'aikata. Ki fara da ofishin kula da muhalli na jiha da ke nan cikin gari, ki gaishe su, ki nuna takardarki. Su ne suka san inda hanya take da lafiya a wannan lokaci.

Mai_Rapor2019 ta amsa:

Ƙanwata, Baba ya gama maganar ƙofa, ni bari in faɗa miki abin da ke bayan ƙofar, domin na yi irin wannan sitaj a wani gidan namun daji a ƙasa maƙwabciya.

Na tafi da zaton zan riƙa taɓa 'ya'yan zaki. Ranar farko aka ba ni tsintsiya da shebur da bokiti. Kafin ƙarfe bakwai mun fara kwashe kashi, mu wanke kwamin ruwa, mu yanka 'ya'yan itace na birai, mu auna dusa da harawa na masu cin ciyawa. Mako guda na yi ina jin an raina karatuna, har sai da wani dattijo mai kula da kuraye, wanda bai taɓa shiga aji ba, ya tsayar da ni a kan kashin wata kura ya ce in duba da kyau. Ya nuna mini laushinsa da launinsa, ya ce wannan dabba ba ta da lafiya tun jiya, alhali a idona tana ta zagaye kamar kullum. Naman daji yana ɓoye ciwonsa, domin a dawa wanda ya nuna rauni shi ake fara ci, saboda haka mai shara ne yake fara ganin cuta kafin likita. Daga ranar na sayi ƙaramin littafi, ina rubuta abin da kowace dabba ta ci, abin da ta rage, lokacin da ta kwanta da lokacin da ta tashi. Wannan littafin shi ne ya zama rapor ɗina, kuma shi malamaina suka fi yabawa.

Abin da ya ɓata mini rai, kuma har yau yana damuna, shi ne wanda aka rubuta a takarda cewa shi zai kula da ni, sau biyu kacal na gan shi cikin wata biyu. Ba a ba ni safar hannu ko takalmin roba ba, sai da na saya da kuɗina. Don haka kafin ki sa hannu a kan yarjejeniya, ki tabbatar an rubuta sunan mai kula da ke, da ranakun da za ku riƙa zama. Kada kuma ki sa rai da biya. Ki yi lissafin kuɗin mota, da abinci, da na shiga gari kullum, ki nuna wa mahaifinki a rubuce, ki kuma sauka gidan dangi idan da hali.

Akwai ranakun da za ki ji tausayi ya cika ki, musamman in kin ga babbar dabba tana kai da komo a wuri ɗaya daga safe har yamma. Wannan alama ce ta ƙunci da rashin abin yi, kuma kan ta kaɗai ana iya rubuta rapor mai kyau, idan kika gwada ɓoye mata abinci ko sa mata reshe da inuwa, kika rubuta abin da ya sauya.

Likitan_Dabbobi_Zango ya amsa:

Malama, na yarda da yawancin abin da aka faɗa, amma ina da ja kaɗan da Baba, tare da girmamawa. Kiwon jimina abu ne mai muhimmanci, sai dai nau'i ɗaya ne, ɗalibar lisans kuwa ta fi bukatar ta ga bambanci: hanjin mai cin nama da na mai tuƙa, dorinar da ke cin ciyawa kusan kilo 40 a dare, kadan da ke iya daɗewa bai ci komai ba. Idan kina da wurin sauka a Yamai, ni can zan ce ki fara, ki bar Kelle zuwa karatu na gaba, lokacin da kika san tambayar da za ki yi. Gidan zoo na Audu Bako a Kano ma ya fi Yamai kusa da mu nesa ba kusa ba, amma sai kin tambayi jami'arku ko tana karɓar sitaj na wajen ƙasa, kuma rapor ɗinki da Faransanci za ki rubuta shi.

Duk inda kika zaɓa, ga abin da ba na son ki yi wasa da shi. Ki yi allurar tetanus kafin ki tafi, ki kuma nemi shawarar likita a kan rigakafin ciwon haukan kare, domin cizon biri ko yaƙushinsa ba ƙaramin abu ba ne. Tarin fuka yana ratsawa tsakanin mutum da biri ta kowane ɓangare. Mu a jihar nan ba mu manta da murar tsuntsaye da ta ɓulla a Magarya a 2006 ba, saboda haka wanke hannu da sauya takalmi tsakanin kejin tsuntsaye ba ƙa'idar banza ba ce. Ki ɗaure mayafinki tamau ki cusa bakinsa cikin riga, kada ya yi lilo kusa da wayar keji, kuma kada ki buɗe wata ƙofa sai kin ga an rufe ta ciki da idonki, ko da wa ya ce miki an rufe.

Kafin lokacin ya zo, ki riƙa zuwa mayankar gari da asuba kina kallon yadda ma'aikatan kiwo suke duba hanta da huhu. Wanda ya san lafiyayyen nama zai san abin da bai kamata a jefa wa zaki ba.

Ɗaliba_Birni ta sake rubutawa:

Na gode, Baba, na gode, Yaya, na gode, Likita, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa mahaifina amsoshinku bayan sallar isha'i, ya saurara har ƙarshe, ya ce ya tuna kakansa yana ba su labarin jimina a dajin Kutus. Mun tsaya a kan in rubuta wasiƙa biyu, ɗaya zuwa Yamai inda gwaggona take, ɗaya kuma in kai ofishin muhalli da kaina ranar Litinin. Likita, idan ba damuwa, wace rana kuke zuwa mayanka, kuma ƙarfe nawa ya kamata in iso?