Me za mu kira "simoka" da Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. Ku taya ni mu tsayar da suna ɗaya.

Ƙanena da ke karatu a Dutse ya zo gida da hoton wani abin gashin nama a wayarsa, yana so a ƙera mana irinsa kafin Babbar Sallah. Turawa simoka suke ce masa. Muka je wajen wani mai walda a Gujungu, yaron yana nuna hoto, ni ina bayani, mun kusa rabin awa ba mu fahimci juna ba. Shi dai cewa yake, "Malam, kurfoti babba kake so ke nan?" Ba kurfoti ba ne, amma ba ni da sunan da zan ba shi.

Ga yadda abin yake. Rufaffe ne ruf. Gawayi na ƙasa, ko a wani ɗan ɗaki a gefe, nama kuma na can nesa a kan raga, harshen wuta ba ya taɓa shi. Zafin da ake so ɗan kaɗan ne, kamar digiri 110 zuwa 120 a ma'aunin Salshiyas, sai a yi awa 5 ko 8, in tsokar babba ce har 12. Ana jefa guntun icce a kan garwashi don ya yi hayaƙi. Akwai kafar iska a ƙasa da wata a sama, su ne linzamin wutar, ka buɗe ta tashi, ka tsuke ta kwanta.

Kawu ne ya fara cewa tukuba. Na ce, Kawu, tukuba a sarari take, mai tsire ya kafa tsinkensa kewaye da wuta, yana juyawa yana shafa mai, kafin ka gama gaisawa da mutane ya naɗe maka a takarda. Ya yarda.

Wadda ta fi ba ni wuya ita ce banda, don mutane da yawa murhun banda suka ce, kuma suna da hujja. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar kifi ta Haɗeja ya ga tarwaɗa a nannaɗe, baƙa ƙirin, ta sha hayaƙi har in ka ƙwanƙwasa tana ƙara. To amma me ake nema da banda? A kore ruwan jiki don a ajiye. Haka kyafa, yadda iyayenmu mata ke yi wa naman layya ya daɗe. Shi kuwa wannan, so ake naman ya fito da ruwansa, ya yi laushin da za ka ɓare shi da yatsa biyu. Wani samfurin ma har kwanon ruwa ake sawa tsakanin wuta da nama. A ranar ake ci. Tsorona shi ne, in muka ce banda, wani zai ɗauka ajiyayyen nama ne ya rataye shi a ɗaki cikin zafin nan namu, ya lalace, yara su ci. Shi ya sa na dage.

Inna ce ta raba gardama. Tana tankaɗe a tsakar gida tana jin mu, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ai tanderu ne wannan, sai dai mai hayaƙi." Tanderun hayaƙi. Na juya shi a baki na ji ya zauna. Duk wanda ya san gurasar Kano ya san tanderu: zafi ne ke kewaye abin, ba harshen wuta ba. Na san za a ce na gurasa na yumɓu ne kuma wutarsa ta fi ƙarfi. Gaskiya ne, shi ya sa aka ƙara hayaƙi don a bambance. Kuma ai akwai na yumɓun a cikin ire-iren simoka, wanda asalinsa daga Jafan ne, ana ce masa kamado.

Da muka koma wajen mai walda na faɗi sunan, nan take ya ce, "To, na tsaye ko na kwance?" Na kwance mai ɗakin wuta a gefe yana ɗaukar nama da yawa, amma yana cin gawayi kuma sai ka tsare shi. Muka zaɓi na tsaye, na duro, mai murfin da ke zama dam. Na roƙe shi kada ya taɓa duron da aka zuba maganin ƙwari ko sinadari, kuma ya ƙone fentin ciki tas. Gawayin kirya za mu nema, irin na maƙera, don yana jimirin ci, da busasshen iccen mangwaro na hayaƙi. Ban da darbejiya.

Saura kafofin iskar nan biyu. Mai walda taga yake ce musu, ni kuma hanci ya fi kwanta mini, tunda ta nan abin ke numfashi. Mutanen Haɗeja da Ringim, masu aikin banda musamman, ku me kuke cewa?