Me ya sa aka gina majami'ar Baptis ta Providence da girma haka?

Ɗalibar Tarihi: Ina gaishe ku duka. Na karanta cewa majami'ar Baptis ta farko a Amurka, wadda ke kan titin North Main a tsakiyar birnin Providence na jihar Rhode Island, tana ɗaukar mutum 1,200, alhali mazauna garin ba su kai 5,000 ba lokacin da aka gina ta. Wane dalili ne ya sa ƙaramar ikilisiya ta ɗauko aiki irin wannan?

Tsohon Malami: Malama, ikilisiyar ta girmi ginin nesa ba kusa ba. Roger Williams ne ya kafa ta a 1638, bayan an kore shi daga Massachusetts saboda ra'ayinsa cewa hukuma ba ta da hurumi a kan imanin mutum. Fiye da shekara 60 suka yi suna sujada a gidajen juna ko a fili, sai a 1700 faston nasu, Pardon Tillinghast, ya gina musu ɗan ƙaramin ɗaki. Ginin da kike magana a kai shi ne na uku, an fara shi a 1774, aka kammala a 1775. Amsar tambayarki tana wajen kwalejin da ta taso daga garin Warren zuwa Providence a 1770, wadda yau ake kira Jami'ar Brown. Shugabanta, James Manning, shi ne kuma faston ikilisiyar, saboda haka tun farko aka ƙudura cewa ginin zai zama wurin sujada da kuma wurin bikin yaye ɗalibai, kuma har yanzu ɗaliban jami'ar suna taruwa a can ranar bikin.

Magini: Malam ya yi bayani, amma ni a ganina ba kwalejin kaɗai ba ce. 'Yan Baptis na wancan zamani sun saba da ɗakin sujada marar ado, amma waɗannan sai suka ɗora hasumiya mai tsawon ƙafa 185 har da ƙararrawa, wato suna so a san sun zauna da gindinsu a garin. Joseph Brown ne ya tsara ginin, ya ɗauko fasalin hasumiyar daga zanen James Gibbs, mai tsara gine-gine na Birtaniya. An kuma yi dace da ma'aikata, domin rufe tashar jiragen ruwan Boston da Ingila ta yi a 1774 ya bar kafintoci da masu ƙera jirage ba aiki, da yawansu suka gangaro Providence.

Ɗalibar Tarihi: Na gode muku. To, ginin na yanzu shi ne na asali, ko an sake shi?

Magini: Shi ne, da katakonsa. An yi masa babban gyara a 1957 da kuɗin John D. Rockefeller Jr., wanda tsohon ɗalibin Jami'ar Brown ne, sannan a 1960 gwamnatin Amurka ta sanya shi cikin wuraren tarihi na ƙasa.