Wace manhaja ce za ta raba min tasirin uwa da na jariri?

Ɗalibar Ƙididdiga:
Assalamu alaikum. Ina bincike kan nauyin jarirai lokacin haihuwa. Ina da bayanan ƙwayoyin gado na uwaye da jariransu, na ubanni kuwa sai ɗaiɗai. Idan na ga wani SNP (wuri guda a ƙwayoyin gado da ke bambanta tsakanin mutane) yana tafiya da nauyin jariri, ta yaya zan gane ko na jikin jaririn ne ke aiki, ko na uwar ne ta hanyar mahaifa? Rabin abin da ke jikinsa daga wurinta ya gada, duk sun cakuɗe. An ambata min manhajojin EMIM da Haplin da snipar, kaina ya ɗaure. Don Allah wacce zan kama?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam. Ki ajiye EMIM da Haplin tukuna. An gina su ne don lalurar da ko akwai ta ko babu, irin tsagewar leɓe, inda ake da yaro mai lalurar tare da iyayensa. Naki kuwa awo ne na giram. Ki zuba SNP ɗin uwa da na jariri cikin lissafi ɗaya, umarnin lm na manhajar ƙididdiga ta R ma ya isa, sai kowanne ya fito da nasa bayan an cire na ɗayan.

Kada ki raina wannan mataki. A 1998 Andrew Hattersley da abokan aikinsa sun duba iyalai masu tangarɗa a GCK, ƙwayar gado da ke taimakawa wajen daidaita sukarin jini. Idan uwa ce ke ɗauke da ita, sukarin jininta kan hau, jariri ya ƙara kimanin giram 600. Idan jaririn ne, insulin ɗinsa, sinadarin da ke taimaka masa girma a ciki, kan ragu, ya yi ƙasa da kimanin giram 500. In su biyun ne, kusan a tashi canjaras. Wanda ya duba jariri kaɗai sai ya ce babu wani abin kirki a wurin.

Mai Python:
Gaskiyar Malam ne, amma akwai sauran rina a kaba: uban da babu. In har ƙwayoyinsa na da nasu tasirin, zai lafe cikin na jariri, ya kuma karkatar da na uwa. A nauyin haihuwa ban damu sosai ba, da a ce ƙwazon yara a makaranta kike bincike kuwa, da ban yarda ba sam. Nan ne snipar ta Alexander Young ke da amfani, tana ƙiyasta ƙwayoyin iyayen da ba a samu ba bisa dokar Mendel ta yadda ake gadon ƙwayoyi daga iyaye. Ta fi armashi inda akwai 'yan'uwa ciki ɗaya, domin a kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wurare yara biyu kan nuna miki kwafi huɗun iyayen duka, biyu na uwa biyu na uba. Kina da irin waɗannan 'yan'uwan?

Ɗalibar Ƙididdiga:
Na gode ƙwarai. Ba su da yawa, galibi uwa ce da ɗa ɗaya. Ke nan in fara da R?

Tsohon Malami:
Ki fara. Amma kafin komai ki bi ta KING, manhajar gano dangantaka, ki tabbatar kowace uwa da ɗanta ne aka haɗa, don samfur yakan musanye a ɗakin gwaji, sannan ki sa manhajar PLINK ta tace kurakuran Mendel, wato wuraren da na ɗa bai dace da na uwarsa ba. Kuma ki shirya ganin sakamako ya yi rauni: alaƙar ƙwayoyin gadon uwa da na ɗa 0.5 ce, wato rabi, saboda haka sai kin ƙara kusan sulusin mutane kafin ki samu ƙarfin gano tasiri irin wanda mai duba jariri kaɗai yake da shi. Uwaye nawa ne a hannunki?