Wai mene ne sunan "couronne" ɗin nan da Hausa?

Mai ɗinki, Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah kalma nake nema. Maƙwabciyata 'yar Bamenda ce, duk Disamba ƙaninta sai ya aiko mata da buhun pomme de pin, busassun 'ya'yan itacen pin ɗin nan, a mota, ita kuma ta lanƙwasa waya ta yi zobe kamar faɗin faifai, ta bi ta ɗaɗɗaura su da siririyar waya, wasu ta ɗan taɓa musu farin fenti a baki wai dusar ƙanƙara ce, ta ƙulla jan ƙyalle a ƙasa, masu saye su rataya a ƙofa lokacin Nowel, wato Kirsimeti. Bana ta ce in sa mata talla a status da Hausa, wlh na zauna da waya a hannu na rasa me zan rubuta, shi zoben da suke ce wa couronne ɗin da 'ya'yan itacen duk ba ni da sunansu.

Malamin makaranta, Marwa:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Ai couronne kambi ne, ki sa kambin Nowel kawai.

Ɗan kasuwa, Njamena:
A'a Malam, kambi a kai ake sa shi, kuma kana cewa kambu mutanenmu ɗan dambe za su tuna da layarsa a damtse. Bafaranshe ne ya haɗa hular sarki da furen jana'iza da na ƙofa duk a kalma ɗaya, mu ba dole mu bi shi ba.

Malamin makaranta:
Gaskiyarka Alhaji. Akwai irinsa da ake jera wa kyandir, asalinsa ma ba na kai ba ne, wani fasto ne a Hambug ta Jamus, Johann Hinrich Wichern, a 1839 yaran gidan da yake reno suka ishe shi da tambayar yaushe Kirsimeti, sai ya ɗauko tsohuwar ƙafar amalanke ya jera kyandir a kai, manya 4 na ranakun Lahadi, ƙanana na sauran kwanaki, kullum a kunna ɗaya. To kawanya fa?

Mai ɗinki:
Kawanya kam sai ka ce sojoji sun zagaye gari Malam 😂 Amma bari in ba ku labari, jiya na shigo da guda ɗaya gida in ɗauki hoto, kakata tana kan tabarma ta karɓa ta jujjuya shi ta ce, "Ke, wane marar tausayi ne ya naɗa gammo da ƙaya, wa zai ɗora tulu a kan wannan?"

Ɗan kasuwa:
Shi ke nan Kaka ta gama magana! Gammo ai shi ne, abu ne da ake naɗewa a zagaye da rami a tsakiya, ko na tsumma ko na kaba. A ce gammon ado, wanda bai taɓa gani ba ma ya hango siffarsa.

Wata 'yar uwa, Ngaundare:
Ni ma gammon ado ya kwanta min, don ba sai Nowel ba, ko na biki aka yi da goruba da kwanson bagaruwa sunan ya hau. Saura 'ya'yan, don Allah kar wani ya ce tuffa don pomme tuffa ce a Faransanci, ba a ci, bushasshen abu ne mai ɓawo hawa-hawa da iri a tsakani. Ni abarbar itace nake ce wa yara, kuma Yaya ki faɗa mata kar ta wanke su ranar aiki, suna jin ruwa suke tsukewa, sai sun sha iskar hunturu su sake buɗewa, in ta ɗaure su a jiƙe suna buɗewa za su ture juna.

Malamin makaranta:
Abarba ma ai a Ingilishi daga sunan wannan abin ta samo nata, kin ga bashi muka karɓo. Sai dai kwanson fin, wato na itacen pin, ya fi daidai a aji.

Mai ɗinki:
Na gode, Allah ya bar zumunci. Malam ka riƙe kwanson fin a aji, ni na riga na sa: "Gammon ado na abarbar itace, na ƙofa, akwai babba akwai ƙarami." Har wata ta tambaya ko abarbar tana da zaƙi.